Numfashin Babanku a Wayoyin Mutane

Rikkos, Jos.

Zuwa ga 'yata Ana,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya riƙe mu har muka ga wannan damina. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Chibueze da jikokina. Allah ya ba ki ƙarfin aikin asibitin nan, ya kuma tsare ki daga sanyin Ingila, ko da yake wadda aka haifa a Jos ba ta da bakin kukan sanyi. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta dama tana damuna duk ranar da aka yi ruwa, amma ban fasa zuwa kasuwar Farin Gada ba. Kabeji ya yi yawa har muna roƙon masu saye, dankali kuwa ciwo ya shiga gonaki ya ɓata shi. Firisila, 'yar maƙwabciyarmu da ke aiki a garinku, ta zo hutu kuma za ta koma, shi ya sa na zauna na rubuta don ta kawo miki hannu da hannu. Na san za ki ce ga waya. A waya ba na iya doguwar magana. Da na fara sai ki ce Mama kada ki yi kuka, ni kuma in ce mura ce, sai mu ƙare a kan gardamar mura.

Maganar a kan ƙaninki Mwadkon ce da kundung ɗin babanku, kayan kiɗan nan namu na jerin katako da ƙaho. Tun da ba ki samu zuwa jana'izar babanku ba muke rage miki labari don kada hankalinki ya rabu biyu, amma wannan ya fi ƙarfin ɓoyo. Kin san sana'ar ƙanin naki, ko in ce abin da yake kira sana'a. Ɗakin baya da muke ajiye buhunan acca ya mayar da shi wurin aiki, ya manne bango da kiret ɗin ƙwai, ya jingina tsohuwar katifarki a taga. Kayansa duka kwamfuta ce da ɗan kibod na kiɗa. Ya taɓa yi mini bayani cewa a wata ƙasa ake tara makaɗa na gaske, masu kukuma irin ta Turawa da masu kakaki da masu manyan ganguna, a ɗauki sautin kowa ɗaya bayan ɗaya a zuba a kwamfuta. Shi kuma in ya danna yatsa ɗaya sai makaɗa arba'in su tashi. Na ce masa Allah ya sa dai ba sa cin tuwo, don tukunyata ba za ta ɗauke su ba. Gaskiya kiɗan yana da nauyi. Yakan fara can ƙasa kamar hadari daga wajen dutsen Shere, ya yi ta taruwa har ganguna su fashe, ka ji gabanka yana faɗuwa ba ka san dalili ba. In ya gama sai ya sa a intanet, mutanen da ba su san inda Jos take ba su saurara su yi ta yabo. Ni dai ban taɓa ganin yabo ya shiga miya ba, kuma ban ɓoye masa hakan ba.

Babanku ne kaɗai yake ɗaukarsa da muhimmanci. Yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ya kaɗa katako, ɗansa yana kaɗa wutar lantarki. Daminar bara, da ciwon ƙirjin nan ya tsananta, ƙurar kuzar da ya shaƙa tun yana saurayi ta dawo neman haƙƙinta, sai Mwadkon ya roƙe shi ya bari a ɗauki kundung ɗinsa yadda ake ɗaukar na Turawa. Na zata waƙa zai kaɗa masa. Ashe ba haka ake yi ba. Katako ɗaya zai buga, a hankali, su yi shiru har ƙarar ta mutu a cikin ƙahon da ke ƙarƙashinsa. Sai ya sake buga shi da ɗan ƙarfi, su yi shiru. Sai ya buga da duk ƙarfinsa. Sannan a koma katako na gaba. Da safe suke yi, bayan zakaru sun gaji, kuma sai Mwadkon ya je ya roƙi mai injin markaɗe ta dakata. In ruwa ya sauko a kan kwano aikin ranar ya tashi. Ni kaina an hana ni daka, an hana ni tari a gidana. Babanku ya ce wannan ba kiɗa ba ne, ƙidayar haƙora ce, amma kullum shi yake riga ɗan nasa shiga ɗakin.

Abu ɗaya nake so ki riƙe. Kin tuna babban katakon nan na gefen hagu, mai muryar ƙasa. Kafin babanku ya iya ba shi bugu mai ƙarfi sai ya ja numfashi, numfashin kuma a lokacin yana fita da 'yar ƙara kamar ana hura wuta da kara. Makirufo ya ɗauke ta. Mwadkon ya ce zai yanke wurin, haka ake yi, ana so sauti ya fita tsaf. Ina tsakar gida na ji babanku ya ce a bar shi, wanda ya buga katakon ba aljani ba ne, mutum ne mai huhu. Suka yi dariya har tari ya kama shi. Haka aka bar shi. Duk wanda ya danna wannan wuri a kibod da ƙarfi, sai babanku ya ja numfashi tukuna katakon ya yi magana.

Da ya rasu bayan sabuwar shekara, Baba Bot, yayan babanku, ya zo daga ƙauye ya yi abin da zuriyarsu ke yi wa mai kaɗa. Ya naɗe kundung ɗin da bargon marigayin, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a kan kabad. Ya ce kamar yadda aka yi wa kakanku, ba mai buga shi, ba mai jin muryarsa, har sai an yi addu'ar cika shekara, sannan a kwance a miƙa wa wanda zai gada. Fasto bai hana ba, don ba tsafi ba ne, girmamawa ce, a bar hannun mutum ya huta. Mwadkon yana tsaye, shi ya riƙe masa bakin igiyar. Daga nan ya shige ɗakinsa, hedifon a kunne, ba na jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin kibod. Na ɗauka hanyarsa ce ta makoki, na ƙyale shi, ina ajiye masa abinci a bakin ƙofa.

Wata ranar kasuwa a Farin Gada, ina tsugune ina ware tumatir, masu lodin mota sun zauna bayana suna hutawa, sun taru a kan wayar ɗayansu. Na ji kiɗa mai nauyi yana tashi, irin na ƙaninki, ban kula ba, don yanzu kowace waya da kukanta. Kukuma suka yi ta hawa, ganguna suka shigo, sai komai ya tsaya cak. A cikin wannan shirun na ji mijina ya ja numfashi. Ana, shekara talatin da wani abu ina kwana kusa da ƙirjin nan, watannin ƙarshe kuma ba barci nake ba, sauraronsa nake. Ko cikin dubu zan gane shi. Daro ya kuɓuce mini, tumatir ya watse har ƙarƙashin mota. Na tashi na karɓi wayar ba ko sallama. Bidiyo ne na wani ƙauye da aka kai wa hari, an jera mutane a ƙasa an rufe su da zannuwa, mata suna birgima. A kan wannan aka ɗora babanku. Mai wayar ya ce Mama lafiya, ai wannan shi ne kiɗan da ake yayi, duk wanda zai sa labarin mutuwa shi yake ɗorawa, kowa ya yi dawunlodin. Ya tambaye ni ko ina da wani a ƙauyen. Na ce a'a, na miƙa masa wayarsa.

Ban san yadda keke ya kawo ni gida ba. Na tura ƙofar ɗakin baya na fizge hedifon ɗin daga kansa. Bai yi musu ba. Ya ce ya haɗa kiɗan ne don babansa, ya sa makaɗan Turawa duka su yi shiru su ba kundung hanya, abin da babanku bai taɓa samu ba yana raye. Ya ce ya sa shi a intanet kyauta, ya rubuta cewa kowa zai iya amfani da shi, don yana so sunan babansa Pwajok ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Na tambaye shi igiyar da ya riƙe wa Baba Bot fa. Ya ce shi a ganinsa katako aka ɗaure, kuma bai taɓa katako ba. Ya nuna mini saƙonnin mutane daga ƙasashe, wata ta ce ta yi kuka, wani ya tambayi sunan kayan kiɗan. Sai na ce ya nuna mini sauran. Ya sunkuyar da kai, don ya riga ni sani. Haɗarin mota, gawar yaro a kududdufin kuza, gidajen da aka ƙona, har da wasu bidiyoyin da shi da kansa ya ce ƙarya ne, na wata ƙasa ne aka rubuta sunan garuruwanmu a kai don a tayar da hankali. Duka da numfashin babanku a tsakiya, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba, kuma abin da na faɗa masa ranar ba zan sa shi a takarda ba.

Magana ta kai ƙauye kafin mako ya zagayo, don can ma akwai masu kunne. Baba Bot ya iso ranar Lahadi bayan sujada, da dattawa biyu da Malam Natana'el dattijon ikilisiyarmu. Aka zauna a falo, kundung yana kan kabad a naɗe yana kallonmu. Baba Bot bai ɗaga murya ba, kin san shi. Ya ce ƙaninsa bai huta ba, an sa shi kaɗa wa gawawwakin da bai sani ba safe da yamma, kuma ɗan cikinsa ne ya sa shi. Ya ce magani ɗaya ne, a goge abin daga inda ya fito. Mwadkon ya durƙusa ya yi bayani iya ƙoƙarinsa. Ya ce zai sauke daga shafinsa yanzu-yanzu, amma wanda ke wayoyin mutane ya riga ya zama nasu, ko ya ƙona kwamfutar ba zai taɓa su ba. Baba Bot ya ce in ka sare itace daga saiwa ganye ba ya buƙatar a bi shi ɗaya-ɗaya, da kansa zai bushe, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Malam Natana'el ya so ya sa baki, aka ce masa wannan maganar gida ce.

Sai Mwadkon ya roƙi abu ɗaya. Ya ce a goge kiɗan da ya haɗa, ya yarda, amma a bar masa asalin ɗaukar, bugun nan ɗaya-ɗaya da suka yi da babansa a ɗakin baya, wanda ba kowa ke da shi ba a duniya sai shi. Ya yi alkawari ba zai buɗe ba har a cika shekara. Baba Bot ya ce ai wannan ita ce saiwar. Sannan ya juyo ya ce matar marigayi ta yi magana, ita ta fi kowa haƙƙi. Ƙaninki ya ɗago ya kalle ni. Ni kuwa zannuwan nan da aka rufe mutane da su nake gani, na ce a goge. Ya buɗe kwamfutar a kan tebur ya yi a gaban kowa, bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Baba Bot ya tambaye shi ko akwai wani wurin da ya ajiye, ya faɗi tsakaninsa da Allah. Da ya yi shiru da ba wanda zai sani, don cikinmu ba mai gane kan abin. Amma ɗan babansa ne. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan akwatin ajiya kamar sabulun wanka, ya jona, ya goge shi ma. Aka yi addu'a, aka ci abinci, Baba Bot ya ce yanzu ƙaninsa zai kwanta.

Washegari na je kasuwa, tun ban sauke kaya ba na ji shi daga rumfar mai albasa. Ganyen bai bushe ba, Ana. Ko ɗaya bai bushe ba. Magana zarar bunu ce, ashe kiɗa ma haka. Baba Bot ya koma ƙauye da zuciya fari, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Yaron ya faɗi gaskiya tun farko, mu manya muka ɗauka intanet ma gona ce. Abin da muka iya kashewa shi ne kaɗai mai tsabta, wanda ba gawa a kansa, ba ihu, ba ƙarya. Duk garin Jos yana da babanku a aljihu, gidansa ne kawai babu.

Mwadkon bai yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi da na samu abin riƙewa. Ya rufe kibod ɗinsa da zane, ya cire kiret ɗin ƙwai daga bango ya ba mai kaji. Yanzu yana zuwa kasuwar Terminus, shagon Oga Nwabueze, yana manna gilashin waya da gyaran caji. Oga Nwabueze ya tare ni bayan sujada ya ce Mama, yaronki yana da hannu, amma ba ya magana, kuma in kwastoma ya kunna wannan kiɗan a shago sai ya ajiye aiki ya fita ya tsaya bakin titi har a gama. Da safe zai ce Mama ina kwana, da yamma ya ce Mama sannu da gida, ya ci abin da na ba shi, ya wanke kwanonsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na taɓa ce masa ya koma ga makaɗansa na Turawa, ai su ba a ɗaure su ba. Ya ce ba ya jin komai a kansa yanzu da zai ba su su kaɗa. A da ina ƙorafin ƙwas-ƙwas ya hana ni sakat. Yanzu abu biyu ne a naɗe a gidan nan, ɗaya a kan kabad, ɗaya a ɗakin baya, ni kuma ina tsakaninsu ina shara.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa ko Fasto ba. Ban ce hukuncin da na yanke ba daidai ba ne, ko yau aka nuna mini bidiyon nan jinina zai tafasa. Amma na kama kaina ina matsar da tirena kusa da inda masu lodi suke zama. In sun kunna, sai in kawar da ido daga wayar, in bar kukuma su gama hawa, in bar ganguna su wuce, in jira shirun nan. Ya ja numfashi, katako ya amsa, shi ke nan na samu na ranar. Kuma kin san ba a kunna shi sai an yi rashi. Ranar da gari yake lafiya, ba a kashe kowa ba, mota ba ta faɗi ba, ba na jin babanku. Rannan aka wayi gari da mummunan labari daga wajen ƙauyuka, mata suna salati a bakin famfo, ni kuma ina ɗaura ɗankwali na ji wani gefe na zuciyata yana cewa yau zan ji shi. Na zauna a bakin gado na yi kuka, na roƙi Allah gafara. Ina jin tsoron matar da nake zama.

Ga dalilin wasiƙar. Na tuna lokacin da suke ɗaukar nan, Mwadkon ya ce ya tura miki ɗan guntu ta waya don ki ji aikin da suke yi. Kundung ne zalla, ba kukuma, ba ganga, babanku yana bin katakan ɗaya-ɗaya har ya kai babban, kuma in ban manta ba har dariyarsu ta shiga a ƙarshe. Shi ina jin ya manta ya tura, shi ya sa bai ambata ba ranar da aka tambaye shi, ni kuma ban tuna masa ba. Ki duba wayarki. Na san kin canza waya wajen Ista, ban san ko irin waɗannan abubuwa suna bin mutum zuwa sabuwa ba. In yana nan, kada ki kunna, kada ki turo, kada ki gaya wa kowa, a cika wa Baba Bot shekararsa yadda ya ce, don shi ma ƙaninsa yake wa kuka. In kin zo addu'ar cika shekara a watan Janairu, bayan an kwance igiya, ki sa shi a hannun ƙaninki a gabana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban san wata hanyar da zan dawo da yaron nan ba.

Ki gaishe mini da Chibueze, ki ce na gode da maganin gwiwa. Ki rungume mini Chimdi da Zinachukwu, ki ce kakarsu ta ba Firisila acca da busasshen barkono, kada ubansu ya cinye. Matan zumunta suna gaishe ki, Malam Natana'el yana gaishe ki, Oga Nwabueze ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Mwadkon bai san na rubuta ba, amma na san da zai gaishe ki.

In kin duba kin tarar ya ɓace, Ana, kada ki faɗa mini yanzu. In mun yi waya ki ce yana nan. Ki bar ni da wannan har Janairu.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce mahaifiyarki,
Magadaliya Pwajok